Kakar 1996 a Gundumar Armagh: Tambayoyi da Amsoshi kan Shekarar da Crossmaglen Ta Karɓe Kambu

Wanda ya fara bibiyar ƙwallon Gaelic, wasan gargajiyar mutanen Ayilan, ba ya daɗewa sai ya ci karo da sunan Crossmaglen Rangers, kuma duk inda aka ja zancen wannan kulob, a kan shekarar 1996 yake tsayawa. Ga tambayoyin da sababbin masu kallo suka fi maimaitawa game da wannan kaka. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Wace irin ƙwallo ce wannan? Ƙwallon ƙafa ce ko zari-ruga?

Ba ko ɗaya ba ce, ko da yake ta ɗebo kama daga kowacce. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma zagayayya ce, ta ɗan fi ta ƙwallon ƙafa nauyi. Ana kama ta da hannu, ana dokawa da ƙafa, ana kuma miƙa wa abokin wasa ta hanyar buga ta da dunƙulallen hannu ko tafi. Jefawa laifi ne. Ba a gudu da ita fiye da taku huɗu sai an buga ta a ƙasa ta dawo, ko a sake ta kan ƙafa a ɗago ta zuwa hannu. A wasan maza ba a sunkuyawa a ɗauke ta kai tsaye daga ƙasa, sai an sa yatsun ƙafa an ɗago ta. Bangazar kafaɗa da kafaɗa halak ce, kokawa haram.

Filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma sosai, tsawonsa tsakanin mita 130 da 145, faɗinsa tsakanin 80 da 90. Wasan kulob minti 60 ne, na manyan tawagogin gundumomi 70. Hukumar da ke kula da wasan ita ce GAA, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, kuma har yau ba ta biyan 'yan wasa albashi. Wannan batu na albashi yana da muhimmanci ga labarin nan, dubi tambaya ta 8.

2. Yaya ake karanta sakamako irin 2-13 da 0-11?

Turakun raga a wannan wasa dogaye ne, suna miƙewa sama su wuce sandar da ke gicciye. Ƙwallon da ta shiga raga a ƙarƙashin sandar gol ce, makinta 3. Wadda ta wuce ta saman sandar, tsakanin turakun biyu, maki 1 ce (an yi wa wannan ƙari a 2025, dubi tambaya ta 15). Ana rubuta gol da farko, maki a baya. Saboda haka 2-13 na nufin gol 2 da maki 13, jimla 19, yayin da 0-11 ke nufin 11 cif. Mai 1-7 da mai 0-10 sun yi canjaras ke nan, kuma mai gol biyu na iya shan kashi a hannun wanda bai taɓa raga ba. Alƙalan da ke tsaye a gindin turaku sanye da fararen riguna su ke ɗaga koren tuta idan gol ce, farar tuta idan maki ne.

3. Mece ce gasar gunduma, kuma mene ne bambancin kulob da tawagar gunduma?

Tsibirin Ayilan yana da gundumomi 32 a cikin larduna huɗu: Ulster, Munster, Leinster da Connacht. GAA ba ta la'akari da iyakar da ta raba Jamhuriyar Ayilan da Ayilan ta Arewa, tsibirin duka gida ɗaya ne a wurinta. A kowace gunduma akwai kulob-kulob na ƙauyuka da unguwanni, an kasa su aji uku: babban aji, matsakaici da ƙarami. Gasar gunduma ita ce wadda kulob-kulob na babban aji ke fafatawa a cikinta sau ɗaya a shekara don a san zakara. Akwai kuma lig, amma ba wanda ke tuna wanda ya ci lig bayan shekara goma. Kambun gasar ne ake rataya hotonsa a bango.

Tawagar gunduma kuwa zaɓaɓɓu ne daga duk kulob-kulob ɗin, su ke wakiltar gundumar a gasar lardi da ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake cin kofin Sam Maguire a cikinta. Ɗan wasa ɗaya yana buga wa duka biyun. Mutumin da kuka sa riga ɗaya da shi a watan Yuni, a Satumba shi ne zai tare ka da kafaɗa. A 1996 gasar Armagh sili-ɗaya-ƙwale ce: aka doke ka sau ɗaya, shekararka ta ƙare, sai baɗi. In an tashi kunnen doki, a sake haɗuwa wata rana.

4. Ina ne Crossmaglen?

Ƙaramin gari ne a kudancin gundumar Armagh, cikin Ayilan ta Arewa, daf da iyakar Jamhuriyar, maƙwabcin gundumomin Monaghan da Louth. Jama'arsa ba su kai dubu biyu ba. Kusan dukkansu 'yan Katolika ne masu ra'ayin haɗewar Ayilan. Asalin kulob ɗin ya koma 1887, launin rigarsa baƙi da ruwan zuma, filinsa kuma St Oliver Plunkett Park. Ƙanƙantar garin ita ce abin da ke ɗaure wa mutane kai, domin a kewayensa akwai wasu kulob-kulob, irin su Cullyhanna, Silverbridge da Culloville, kowanne da nasa yaran. Ba duk kudancin Armagh Crossmaglen ke ɗiba ba.

5. Wa ke riƙe da kambun kafin 1996? Crossmaglen ba ta saba ci ba ne?

Ta saba. Tun kafin wannan lokaci ita ce ta fi kowa yawan kambun Armagh. Sai dai rabonta da shi tun 1986, kuma a shekaru tara da suka biyo baya kofin yawo ya yi ta yi: Clan na Gael ta garin Lurgan ta ci a 1987, Pearse Óg ta birnin Armagh a 1988, Armagh Harps a 1989, Sarsfields a 1990, Harps kuma a 1991, Pearse Óg a 1992, sannan Clan na Gael ta jera 1993 da 1994. Wato gasa ce da kowa ke iya kwana da fatan ɗauka.

A 1995 sai Mullaghbawn ta zo, ita ma daga kudancin Armagh, ta fitar da Crossmaglen a hanya, ta ci gunduma, ta zarce ta ci lardin Ulster gaba ɗaya bayan ta doke Bailieborough ta gundumar Cavan. Tana da Kieran McGeeney, da mai tsaron raga Benny Tierney, da 'yan gidan McNulty. Wannan ya yi wa Crossmaglen ciwo biyu. Na farko, maƙwabci ne ya yi. Na biyu, Crossmaglen da duk tarin kofunanta ba ta taɓa cin Ulster ba, ga ƙauyen da bai kai ta suna ba ya riga ta. A ganina, duk mai son fahimtar 1996 daga nan ya kamata ya fara, ba daga barikin soja ba (dubi tambaya ta 10).

6. To yaya kakar 1996 ta ƙare?

Mullaghbawn ta kasa kare kambunta. Wasan ƙarshe ya haɗa Crossmaglen da Clan na Gael, kuma Crossmaglen ta yi nasara da tazara mai faɗi. Abin da ya sa sakamakon ya yi nauyi shi ne wadda aka doke. Clan na Gael ba kanwar lasa ba ce: ita ce ta ci biyu daga cikin kambuna uku da suka gabata, tana da Diarmaid Marsden, ɗaya daga cikin fitattun matasan 'yan gaba na lokacin, kuma a tarihi ita ce alfaharin Armagh a wajen gida, don ta ci Ulster sau uku a jere, 1972, 1973 da 1974, har ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1974 inda UCD, kulob ɗin wata jami'a ta Dublin, ta doke ta bayan an sake karawa.

Akwai kuma tsohuwar hamayyar arewa da kudu a cikin gundumar. Lurgan babban gari ne na arewa, Crossmaglen ƙaramin gari na karkarar kudu. Ranar nan ƙarfi ya koma kudu, kuma ya daɗe bai dawo ba. Babu wanda ya bar filin yana tunanin ya ga farkon shekara 13 na riƙe kambu a jere, abin da aka gani kawai shi ne gari ya karya fari na shekara goma.

7. Su wane ne suka buga, kuma wa ya horar da su?

Kocin shi ne Joe Kernan, ɗan garin, wanda ya buga wa kulob ɗin da gundumar shekaru da yawa. Shi ne ya zura gol biyu a ragar Dublin a wasan ƙarshe na ƙasa na 1977, wanda Armagh ta sha kashi, kuma sau biyu ana zaɓarsa cikin gwarazan shekara, a 1977 da 1982. Kyaftin kuwa Jim McConville ne, gajere mai wayon wasa, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan masu shekaru a tawagar.

Sauran yawancinsu yara ne. Oisín McConville, ƙanen Jim, an haife shi a 1975, shi ke bugun tazara kuma shi ya fi kowa cin maki. Akwai tagwaye John da Tony McEntee, waɗanda ba su cika ashirin ba. Akwai Francie Bellew a baya, mutum mai ƙarancin magana wanda 'yan gaba ba sa son haɗuwa da shi, da Anthony Cunningham a tsakiya, da Donal Murtagh, da Cathal Short, da dogon nan Colm O'Neill. Salonsu ba mai yawan ado ba ne: ƙarfin jiki, kama ƙwallo a sama, a ɗaga kai a aika ta da ƙafa can gaba maimakon a yi ta miƙe-miƙen hannu a tsakiyar fili. Abin da ya zama tambarinsu daga baya shi ne minti goman ƙarshe. Sun ci wasanni da dama da maki ɗaya ko biyu bayan an ɗauka sun gama, kuma abokan hamayya suka fara shiga fili da wannan fargaba tun kafin a busa usur.

8. Me ya hana manyan kulob-kulob su saye waɗannan yara, ko su sayo waɗanda za su doke su?

Ba a saye, ba a sayarwa. Ɗan wasan GAA yana buga wa kulob ɗin yankin da ya tashi, wanda a karkara yawanci iyakarsa ita ce iyakar yankin cocin Katolika. Sauya kulob yana yiwuwa, amma sai da dalili irin na ƙaura zuwa wani gari don aiki, kuma sai hukumar gunduma ta amince. Wanda ya bar kulob ɗin iyayensa ya koma na maƙwabta don neman kofi, zai daɗe yana jin maganar a bakin mutane. Kamar a ce yaron unguwa ba shi da ikon sa rigar wata unguwa ko da tasu ba ta taɓa cin komai ba, kuma dokar ta bi shi har ya yi ritaya.

Albashi kuma babu. 'Yan wasan 1996 magina ne, ɗalibai, ma'aikata da 'yan kasuwa, suna tashi daga aiki su je atisaye da yamma. Wannan doka takobi ce mai kaifi biyu. Idan gari ya yi sa'ar haihuwar yara bakwai ko takwas masu baiwa a cikin shekara uku ko huɗu, ba mai iya raba shi da su, za su tsufa tare a riga ɗaya. Idan kuma ba a haifa ba, kuɗi ba ya cike giɓin. Crossmaglen ta samu irin wannan tsara, ta kuma samu wanda ya san yadda zai riƙe ta. Abin da ya fi wuya shi ne samun tsara ta biyu a bayan ta farko, kuma shi ma ta samu (tambaya ta 13).

9. Da gaske ne sojojin Birtaniya sun mamaye filin wasansu?

Da gaske ne. A lokacin rikicin Ayilan ta Arewa, kudancin Armagh na cikin wuraren da IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makamai tana yaƙar mulkin Birtaniya a yankin, ta fi ƙarfi, har sojoji suka daina bin hanyoyin mota saboda nakiyoyi, suka koma shiga da fita da jirage masu saukar ungulu. Barikin soja da 'yan sanda na Crossmaglen yana manne da filin kulob ɗin, kuma daga 1971 sojoji suka karɓe wani ɓangare na filin. Jirage kan tashi su sauka ana tsakiyar atisaye ko wasa, manyan motoci kan lalata ciyawa da hanyar shiga, kuma 'yan wasan sun sha ba da labarin ƙwallon da ta tsallaka katangar bariki ba ta dawo ba, ko ta dawo a fashe. Shekara da shekaru babban taron GAA na ƙasa yana zartar da ƙudurin neman a sakar wa kulob ɗin filinsa. Ba a mayar ba sai 1999, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998.

Kakar da muke magana a kai ta faɗo a mummunan lokaci. IRA ta tsagaita wuta a Agustan 1994, ta janye a Fabrairun 1996 da harin bam a Landan, ba ta sake tsagaitawa ba sai Yulin 1997. A Yulin 1996 ne kuma takaddamar maci ta Drumcree, kusa da Portadown a cikin ita wannan gunduma ta Armagh, ta jawo toshe hanyoyi da tarzoma a faɗin yankin. A Fabrairun 1997, makonni kaɗan kafin wasan ƙarshe na ƙasa, an harbe wani sojan Birtaniya a shingen bincike a Bessbrook, nan kudancin Armagh. A cikin wannan hali ake zuwa atisaye.

Ita ma GAA tana da nata matsayin a rikicin. Dokarta ta 21 ta haramta wa sojojin Birtaniya da 'yan sandan Ayilan ta Arewa zama mambobi, kuma ba a soke ta ba sai 2001.

10. Ke nan matsin sojoji ne ya sa suka zama zakaru?

Wannan bayani yana da daɗin faɗi, shi ya sa 'yan jarida na waje suka fi son sa, amma lissafin bai fita ba. Barikin yana nan tun farkon shekarun 1970. Yana nan a 1987, yana nan a 1995, duk shekarun da Crossmaglen ke zuwa gasa tana dawowa hannu rabbana. Kuma bayan an mayar da filin a 1999, cin kofi bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi. Mullaghbawn, Cullyhanna da Silverbridge duk a ƙarƙashin hasumiyoyin leƙen soja ɗaya suke, jirage ɗaya ke wucewa ta kansu, amma ba su jera kambu 13 ba.

Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne mamayar ta ƙara wa kulob ɗin matsayi a idon mutanen garin. Zuwa fili ya zama wata hanya ta cewa muna nan, iyaye kuma sun fi son yaro ya yini da ƙwallo a hannu da ya yini a bakin titi a irin wannan zamani. Wannan ya tara yara a fili. Amma tara yara daban, mayar da su zakaru daban. Abin da ya sauya tsakanin 1995 da 1996 shi ne yaran sun ƙara shekara ɗaya, sun ɗanɗani kaye a hannun maƙwabci, kuma suna da kocin da ya sa musu burin da ya wuce iyakar Armagh.

11. Bayan sun ci gunduma, sai me?

Zakaran kowace gunduma yana wucewa gasar kulob-kulob ta lardi. Ulster na da gundumomi tara, shida a Ayilan ta Arewa, uku a Jamhuriya, wato Donegal, Cavan da Monaghan. Crossmaglen ta kai wasan ƙarshe ta haɗu da Bellaghy ta gundumar Derry, tsohuwar zakarar ƙasa ta 1972. Aka yi canjaras, aka sake, Crossmaglen ta ɗauki kofin Ulster karo na farko a tarihinta. A wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa ta fitar da Laune Rangers ta Kerry, wadda ke riƙe da kambun a lokacin.

Ranar 17 ga Maris 1997 a Croke Park da ke Dublin, ta doke Knockmore ta gundumar Mayo da 2-13 da 0-11, Oisín McConville shi kaɗai ya ci 1-7, wato fiye da rabin makin. Jim McConville ya ɗaga kofin Andy Merrigan, wanda ake ba zakaran kulob-kulob na ƙasa. Shi ne karo na farko da wani kulob daga Armagh ya zama zakaran ƙasa. Ga mutanen Mayo kuwa baƙin ciki ne a kan baƙin ciki, don wata shida kafin nan tawagar gundumarsu ta faɗi a wasan ƙarshe a hannun Meath bayan an sake karawa.

12. Me ya sa kakar 1996 ta kai har Maris na 1997?

Saboda a lokacin tawagogin gundumomi ne ke da bazara. Gasar kulob takan lallaɓa a tsakanin wasanninsu, a gama ta gunduma wajen Satumba ko Oktoba, a buga ta lardi a Nuwamba da Disamba cikin ruwa, sanyi da taɓo, a huta, a yi wasan kusa da na ƙarshe a Fabrairu, sannan a rufe ranar Saint Patrick, 17 ga Maris, ranar bikin ƙasa ta Ayilan. Shi ya sa ake rubuta kakar 1996–97. Ƙwallon hunturu ba ta son mai ƙyale-ƙyale, kuma hakan ya dace da tawaga mai ƙarfin jiki irin wadda aka bayyana a tambaya ta 7. Tun 2020 an dawo da wasan ƙarshen zuwa Janairu.

13. Shekara nawa suka riƙe kambun Armagh, kuma wa ya karɓe?

Shekara 13 a jere, daga 1996 zuwa 2008, abin da ya daidaita da tarihin da Ballina Stephenites ta kafa a Mayo daga 1904 zuwa 1916. Pearse Óg ce ta tsayar da su a 2009, ta kuma ɗauki kofin a shekarar. Crossmaglen ta dawo ta jera shida, 2010 zuwa 2015. Wato cikin shekara 20 ta ci 19, kuma mai tsaron raga Paul Hearty yana cikin duka 19 ɗin.

A matakin ƙasa ta ci shida: 1997, 1999, 2000, 2007, 2011 da 2012. Na 1999 shi ne ya fi nuna halinsu, don sun doke ita Ballina ɗin da 0-9 da 0-8 bayan sun daɗe a baya. Nemo Rangers ta Cork kaɗai ta fi su, da bakwai. Kada a ɗauka ba a taɓa su ba a wajen gida: a ƙarshen 1997, suna riƙe da kambun ƙasa, Errigal Ciarán ta Tyrone, kulob ɗin fitaccen ɗan wasa Peter Canavan, ta fitar da su a Ulster. Kofunan baya-bayan nan kuma tsara ta biyu ce ta ɗauko su, ciki har da 'ya'yan Joe Kernan huɗu, Stephen, Aaron, Tony da Paul, kuma a 2011 da 2012 Tony McEntee, ɗaya daga cikin tagwayen 1996, yana cikin masu horarwa.

14. Wannan mamaya ta amfani Armagh ko ta cuce ta?

An daɗe ana wannan gardama a gundumar, kuma kowane ɓangare na da abin riƙewa. Masu cewa ta cuce ta suna nuna cewa gasar da kulob biyar suka ci tsakanin 1987 da 1995 ta koma gasar da aka san mai ɗauka tun kafin a fara. Akwai 'yan wasa masu kyau a wasu kulob-kulob da suka fara suka gama ba su taɓa kofin ba, kuma yaron da ya san ba zai ci ba yana da sauƙin ajiye takalmi.

Ɗaya ɓangaren yana da hujja mai nauyi. A 1996, rabon tawagar Armagh da cin Ulster tun 1982, tana kallo Down ta ci ƙasa a 1991 da 1994, Donegal a 1992, Derry a 1993. Bayan tashin Mullaghbawn da Crossmaglen, Armagh ta ci Ulster a 1999 da 2000, sannan a 2002, da Joe Kernan a matsayin koci, ta ci kofin Sam Maguire karo na farko bayan ta doke Kerry da 1-12 da 0-14. Oisín McConville ne ya ci gol ɗin, bayan ya ɓarar da fanareti kafin hutun rabin lokaci. Kyaftin ɗin ranar shi ne McGeeney, wanda ya tashi a Mullaghbawn, Tierney na raga, Bellew da John McEntee na Crossmaglen suna ciki, Marsden na Clan na Gael yana gaba. Mutanen da suka yi ta gwabzawa a 1995 da 1996 su ne suka haɗu a riga ɗaya. Na fi karkata ga wannan ɓangare, ko da yake da sauƙin faɗi ga wanda kulob ɗinsa bai sha kashi shekara 13 ba. Armagh ta sake cin ƙasa a 2024, McGeeney ne koci, kuma a cikin tawagar akwai Rian da Oisín O'Neill na Crossmaglen, 'ya'yan 'yar'uwar McConville.

15. Idan na samu bidiyon wasan wancan lokaci, me zan ga ya bambanta da na yau?

Da farko ba za ka ga kati ba. Alƙalin wasa yakan rubuta sunan mai laifi a littafinsa, in abin ya yi tsanani ya nuna masa waje da hannu. Katin gargaɗi da jan kati sun shigo a 1999, baƙin kati na masu laifin ganganci a 2014. Mai tsaron raga zai ɗora ƙwallo a ƙasa ya narka ta tsakiyar fili kusan kowane lokaci, manya su yi tsalle a kai, ba gajeren bugu zuwa ga ɗan baya. 'Yan wasa sun fi tsayawa a gurabensu, mutum da mutum, ba a cika ganin tawaga ta kwashe kowa ta koma baya ba, salon da ya yi yawa daga baya har ya gundiri 'yan kallo.

Wannan gundura ce ta jawo sababbin dokokin 2025: dole kowace tawaga ta bar aƙalla mutum uku a ɓangaren abokan hamayya, kuma ƙwallon da aka harba ta saman sanda daga wajen da'irar mita 40 maki 2 ce. Saboda haka lissafin tambaya ta 2 daidai yake ga 1996, amma a wasan yau sai ka ƙara da wannan. Bidiyon wasannin gunduma na lokacin ba shi da yawa, galibi na masu kyamarar hannu ne daga gefen fili. Tashar talabijin ta harshen Ayilan, wadda yau ake kira TG4 kuma ta fi kowa nuna wasannin kulob kai tsaye, an buɗe ta ne ranar 31 ga Oktoba 1996.